Warin da Ya Fito daga 'Yar Kwamfutata

Ni mace ce mai hanci. Tun ina yarinya ake tsokanata da haka a gidanmu, don tun daga zaure nake gane miyar da ta fara juyawa, kuma ban iya jin wari in yi shiru don kawaici ba. Da wannan hancin nake cin abinci. Turaren wuta nake haɗawa da humra a gidanmu na unguwar Dogo Tebo, a wani ɗan ɗaki da maigidana ya bar min, inda ko yarana ba sa shiga da takalmi, balle da kwanon abinci. Idan na je gidan mutane na ga tsumman goge-goge ya yi baƙi a bakin murhu, ruwansu ma da ƙyar yake wuce min. Na san ana cewa ina da iyayi. Ban taɓa damuwa ba.

A shekarar nan wata Hajiya daga unguwar Yindiski ta ba ni aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Gwaggon amarya ce, haifaffiyar Maiduguri, kuma duk masu sana'armu sun san ba ta sayen turare a Potiskum. Cewa take namu hayaƙi ne da suga kawai. Wata ƙawarta da ke saye a wurina ce ta yi ta yi mata naci har ta zo. Ta zauna, ta sa na zuba mata kaɗan a kasko, ta rufe ido ta shaƙa. Can ta ce, "To, ba laifi." A bakin wannan matar, ba laifi ɗin nan kyauta ce babba. Ta ce in haɗa wa amarya na ɗaki da na kaya da na jiki, sannan in cika ƙananan kwalabe da za a raba wa matan da suka zo biki, kowace kwalba da sitika mai sunan ango da amarya, lambar wayata a ƙasa. Wato duk matar da ta je bikin nan, da sunana za ta koma gida. Ta ce ranar Juma'a za ta aiko a ɗauka.

Turaren na gama shi da wuri. Na sa an kawo min itace mai kyau, na soya shi da narkakken suga da madarar turare yadda ya kamata, na juye a manyan bokitan roba, na jera su a kabad ɗin ɗakin su tsumu. Sitika kaɗai ta rage, ita kuma a 'yar laftof ɗina nake tsarawa, in zuba a filash, in kai wa masu bugawa. Ƙaramar kwamfuta ce ta hannu da maigida ya sayo min, tana shiga jakata kamar faranti. Ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai a makon da na fi buƙatarta.

Na buɗe ta da hantsi, na je na ɗora ruwa na dawo, ba ta gama tashi ba. Da ta tashi, na taɓa, 'yar kibiyar nan ta tsaya cak a tsakiyar allo. Na ja yatsa dama, na ja hagu, ko gezau. Sai da na cire hannu na yi tagumi sannan ta yi tsalle ta koma can gefe, inda ban aike ta ba. Na rubuta sunan amarya, allon fari fat, na sake rubutawa, sai ga sunan ya fito sau biyu a manne da juna. Na yi tsaki. Na kashe na kunna. Na cire batir na hura na mayar. Na ce ko nauyi ne ya yi mata yawa, na zauna na yi ta goge hotunan tsofaffin bukukuwa da finafinan da yara suka cusa mata, kowane hoto sai ta yi dogon tunani kafin ta yarda ta rabu da shi. Na gama, babu abin da ya canza.

Nan zuciyata ta tafi kan ƙanina. Shi ya ari kwamfutar kwanakin baya, wai zai cike takardun neman aiki, kuma na san irin abokan da yake zama da su da irin filash ɗin da ke yawo a hannunsu. Na kira shi ban ko amsa gaisuwarsa ba.

"Wace ƙazanta ka zuba min a kwamfuta?"

"Haba Adda, ni kuma? Wallahi lafiya lau na dawo miki da ita."

"Lafiya lau ɗin ce ta koma kamar mai ciwon ƙafa?"

Ya yi dariya, abin da ya ƙara min haushi, ya ce bairos ne, in sauke maganinsa in wanke ta, idan bai yi ba sai dai a yi mata fomatin. Na tambaye shi fomatin ɗin zai bar min tsarin sitikata da hotunan kayana? Ya ce a'a, komai zai tafi. Na ce to kai ka fara tafiya, na kashe waya. Maganin bairos ɗin ya cinye min data, ya kwashe wuni guda yana bincike, a ƙarshe ya sanar da ni cewa kwamfutata ƙalau take. Da abin mai kunne ne da na ja masa shi.

Washegari na lura da zafin. A cinya na ɗora ta, ba a jima ba na ji kamar na ɗora tukunyar da aka sauke yanzu. Fankar da ke cikinta, wadda da ba na ko jin motsinta, ta koma wani ƙirr-ƙirr, ta tsaya, ta sake ɗauka da ƙyar. Na ɗaga ta in duba ƙasanta, sai iskar da ke fita ta 'yan hudojin gefe ta bugi fuskata.

Ban san yadda zan kwatanta warin nan ba. Ba na ƙonewar waya ba ne, wannan na san shi. Wani hamami ne mai maiƙo, mai ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Nan take na ajiye ta na fita tsakar gida na tofar da yawu. A ɗakina, ɗakin turare, a ce abu yana wari! Na ga wasu 'yan baƙaƙen ɗigo a kan zanin da na ajiye ta, na kaɗe su, na ce garin itace ne.

Abin da na yi bayan nan, duk macen da ta tashi a ƙasar nan za ta gane shi, ko da za ta yi min dariya. Mu abu idan ya yi wari turara shi muke yi, ko tufafi ne, ko filo, ko jaka. Na hura garwashi, na zuba turare mai kyau a kasko, na kifa kabbasa a kai, kwandon nan da muke shanya kaya a kansa su sha hayaƙi, na buɗe kwamfutar na kifa ta a sama tana kunne, don fankar ta ja ƙamshin ciki sosai. Har da lulluɓa mata mayafi. Ba wannan ne karo na farko ba ma, duk ranar da na turara ɗaki tana nan a buɗe tana shan rabonta, jakarta kuwa kullum sai na turara. Da na yaye mayafin, ta mutu murus. Da ta huce ta tashi, ta yi 'yan mintoci, ta sake ɗaukewa. Warin kuma yana nan, sai dai yanzu ya auri ƙamshin turarena, abin ya fi na da tayar da zuciya.

Ranar Alhamis da safe na naɗe ta a leda, don ban yarda ta taɓa cikin jakata ba, na tari napep zuwa bakin babban titi inda shagunan masu gyara suke. Manyan motoci na wucewa suna girgiza ƙasa, kwata ta cika ta tsaya, wani na soya awara daf da ita. Na toshe hanci da gefen mayafi na shiga shagon wani mutumin kudu da ya daɗe a garin nan, wanda kowa ke kira Oga. Teburinsa kaca-kaca, wayoyi da ɓawon gyaɗa da kofin shayin da ban san ranar da aka wanke shi ba. Ya nuna min benci, na dube shi, na ce na gode, tsayuwa ta fi min.

"Hajiya, me ya same shi?"

Na faɗa masa duka, ban da zancen kabbasa. Na ƙara da cewa kada ya kuskura ya ce min fomatin.

Ya kunna ta, ya kara kunne a gefenta, ya ɗan ja baya yana yamutsa fuska. "Fanka ne ba ya juyawa. Idan zafi ya yi yawa, kwamfuta yana rage gudu da kansa, kar ya ƙone. Bari mu buɗe."

Ya kifa ta, ya kwance 'yan kusoshin, ya sa farce ya ɓanɓare murfin baya. Ina tsaye a kansa, har na sunkuya don in gani da kyau.

Kyankyasai ne. Ba manyan nan na masai ba, ƙananan nan masu ruwan ƙasa, masu gudun tsiya. Suka watse ta ko'ina a lokaci ɗaya, wasu kan tebur, wasu cikin wayoyi, ɗaya ya bi hannun rigar Oga. Ya yi tsalle ya ture kujera yana kiran sunan Yesu, ni kuma na ƙwalla salati na yi baya har na bugi ƙofa. Wani kyankyason ya hau kan takalmina, na yi ta buga ƙafa a ƙasa kamar wadda ta taka wuta. Har yau idan na tuna sai na ji kamar abu na tafiya a bayan wuyana.

Da ƙura ta lafa ya jawo fitila ya haska ciki, ya ce in zo in gani. Ban so ba, amma na je. Fankar ta cushe da wani danƙo mai ruwan zuma da ya yi baƙi, matattun kyankyasai sun manne a jikinsa, ga fukafukai, ga ƙafafu, ga ƙwansu jere a lungu kamar ƙananan wake. Baƙaƙen ɗigon da na kaɗe a zanina kuwa ga su nan ko'ina, kashinsu ne.

"Hajiya, wannan ba kwamfuta ba ne, gidan haya ne," in ji Oga, yana kakkaɓe riga. Ya lakato danƙon da bakin sukundireba ya kai hanci. "Amma yana ƙamshi fa. Kamar suga da turare. Shi ya kira su. Ga ɗumi, ga abinci, ga duhu, ko ni ne zan zauna."

Maƙwabtansa masu shago sun leƙo suna dariya, wani har yana neman ɗaukar hoto, na watsa masa kallon da ya sa ya mayar da wayarsa aljihu. Ni da na ƙi zama a bencin mutum, ni na kawo masa wannan a leda.

Oga ya fesa wa kyankyasan magani, ya fita da kwamfutar waje ya kakkaɓe, ya zauna da buroshi da auduga da sifirit yana wanke fankar. Yana cikin aikin, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ina kike ajiye shi? Wurin ma sai kin duba. Ba daga sama suka faɗo ba."

A kabad nake ajiye ta. Kullum idan na gama aiki, tana da ɗuminta, sai in tura ta a saman bokitan turare in rufe, don kada yara su taɓa.

Oga ya mayar da murfi ya kunna, ta tashi fes cikin ƙiftawar ido, kibiya na bin yatsa, sitikata na nan yadda na bar ta, sunan amarya sau biyu. Yana ta murna yana nuna min, ni ko kallon kirki ban yi mata ba. Na sallame shi na fito, duk hanyar gida ina addu'a a cikin napep, Allah ya sa a kwamfutar kaɗai suka tsaya.

Ko mayafi ban cire ba na buɗe kabad. Da farko ban ga komai ba, ƙamshi ne kawai ya tarye ni. Na jawo bokitin farko, sai ga su a bayansa, a jikin katako, a cikin maƙalar ƙofa, suna rige-rigen ɓuya. Na daure na fito da bokitan tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Murafunsu irin na roban nan ne da idan an sha buɗewa ba sa kama baki sosai. Na ɗaga na farko. Saman turaren lafiya, yana ta sheƙi. Na juya murfin, ga ƙwai a manne a cikin lungun bakinsa. Na sa ludayi na tona gefe, wani ƙarami ya fito daga tsakanin itacen ya sake nutsewa. Na buɗe sauran, babu wanda ya tsira, har da na jikin amarya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kashinsu da garin itacen launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Na ɗebo a tafin hannu na kai rana na ƙura ido, na kasa rabe wanne ne wanne. Na watsar, na ruga bayan ɗaki na yi amai har sai da cikina ya ƙulle.

A haka maigida ya dawo cin abincin rana ya same ni, zaune a ƙasa, bokitai kewaye da ni. Ya duba, ya ja kujera. Mutum ne mai sanyin rai, kuma ya san irin wahalar da na sha a kan aikin nan.

"Maman yara, ki saurare ni. Ki shanya shi a rana, duk za su gudu. Ki tankaɗe, ki ƙara masa madara. Abin da wuta za ta ci ne fa, ba tuwo ba ne. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To ai ke ba ke za ki turara ba."

"Malam, na jiki fa har da shi. Yarinyar mutane za ta tsuguna a kan hayaƙin nan ranar da za a kai ta ɗakinta. Kai za ka yarda a yi wa 'yarka?"

Gaskiya ni ma zuciyata ta raya min abin da ya faɗa tun kafin ya shigo, har na hango rariyar da zan yi amfani da ita, kuma wannan tunanin ya ba ni ƙyamar kaina fiye da kyankyasan. Sabon haɗi kuwa ba zai yiwu ba. Itacen daga nesa ake kawo min, kuma turaren da bai tsumu ba, hancin Hajiya zai kama shi tun daga bakin ƙofa.

Na wanke hannu da sabulu har sau nawa ban sani ba, na ɗauki waya na kira ta. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki yafe ni. Turaren nan ba zai samu ba gobe. Ya lalace."

"Ya lalace? 'Yata, turare ne ko nama?"

Na so in ce ruwa ne ya shiga, ko yara sun zubar. Bakina ya ƙi. Na ce, "Kyankyaso ne ya shiga ciki."

Ta ce, a hankali, "A ɗakin turaren?"

"E, Hajiya."

"Allah ya kyauta. Bari in aika Maiduguri tun da sauran rana." Ta kashe.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na san kafin magariba ƙawarta za ta ji, kafin a watse daga bikin kuma duk matan da na so su tafi gida da lambata za su tafi da wannan labarin.

Saura yadda zan yi da kayan. Maigida ya ce a kai bola. Na ce a'a, turare mai kyan gani irin wannan ba zai yi awa a bola ba wani zai kwashe, gobe in gan shi a kwalba a kasuwa, ko a ɗakin wata baiwar Allah. Akwai wani tsohon rabin duro a bayan gida da muke ƙona shara. Bayan la'asar na jawo shi tsakiyar gida, na hura gawayi a ciki har ya yi ja, na fara juye bokitan. Suga ya kama yana tafasa yana ƙara, hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, ya cika tsakar gida ya haura katanga ya bi layi. Wasu kyankyasan na ƙoƙarin hawowa bakin duron, ina mayar da su da itace. Na ɗaure hanci da baki da ɗankwali, idona na ruwa, ban san na hayaƙi ne ko na kuka ba.

Ban taɓa haɗa turaren da ya kai wannan ba. Ko ta cikin ɗankwalin ina jin yadda ya tsumu, yadda kowane ƙamshi ya zauna a wurinsa. Na ji masu wucewa a waje suna tambayar gidan wa ake biki. Ina juye bokiti na ƙarshe, na jikin amarya, maƙwabciyata ta taka turmi ta leƙo ta saman katanga, tana lumshe ido tana jan numfashi.

"Kai, maƙwabciya, wannan haɗin naki ya yi! Har cikin ɗakina. Don Allah ki ajiye min kwalba ɗaya kafin ya ƙare."

Na ɗaga mata hannu kawai, don idan na buɗe baki amai ne zai fito. Na ci gaba da tura sauran cikin wuta.